Yadda za ki auna ingancin abincin ɗanki a gida

Yaro kan sha koko har cikinsa ya yi taf, amma jikinsa bai samu abin ginuwa ba. Ga yadda za ki tantance, ba sai kin je asibiti ba.

Da farko, ki tuno duk abin da ya shiga bakinsa jiya, daga safe har dare. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun kasa abincin yaro ɗan wata 6 zuwa 23 gida takwas: nonon uwa; hatsi da su doya, rogo da dankali; wake, gyaɗa da waken soya; madara da kindirmo; nama, kifi da hanta; ƙwai; ganye da 'ya'yan itatuwa masu bitamin A irin su zogale, alayyahu, kabewa, karas, gwanda da mangwaro; sai sauran kayan lambu kamar kuɓewa, tumatir, lemo da ayaba. Kowane gida maki ɗaya ne. Aƙalla biyar ake so a rana.

Nan ne iyaye da yawa ke ruɗuwa. Koko da safe, taliya da rana, tuwon masara da dare: kwano uku ne, amma maki ɗaya tak, domin duk hatsi ne. Ki daka ƙuli-ƙuli ki zuba a kokon, ki murmushe busasshen kifi a miyar zogale bayan kin cire ƙaya, ga nono yana sha, kin kai biyar ba tare da kin sayi wani abu mai tsada ba. Ɗan daddawar da aka jefa don ɗanɗano ba ta shiga lissafi.

Na biyu, ki duba kauri. Ki ɗebi kunun da cokali ki karkata shi. In ya tsiyaye nan take, ruwa ya rinjayi abinci, ga cikin yaro ƙarami ne, ruwan zai cika shi. Kunu mai kyau yana tsayawa a cokali. Ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau biyu ko uku a rana, daga wata 9 kuma sau uku ko huɗu.

Na uku shi ne kayan kanti. Ki bar hoton jariri mai kumatu da ke gaban kwali, ki juya baya. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka in sukari ya zo na ɗaya ko na biyu, alewa ce kike shirin saya. Giram 4 na sukari kusan ƙaramin cokali guda ne. Ki raba adadin da aka rubuta gida huɗu ki ga cokali nawa ne. Ki duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar ƙarewa. Wajen sayen man girki da fulawa, ki nemi alamar ido, wadda ke nuna an ƙara bitamin A. Lemon kwalba ba shi da maki ko ɗaya, shayi kuma yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Zuma kuwa a jira sai yaro ya cika shekara.

In kin ga yana ramewa, a auna damtsensa da zaren awo a asibitin unguwa. Ƙasa da santimita 12.5 alamar tamowa ce, in ya gaza 11.5 ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, a kai shi ranar, kada a kwana.