Kurakuran da ɗan uwa kan yi wa kansa idan ya zama mudir a Saudiyya

Duk wanda aka ɗaga daga cikin ma'aikata aka ba shi shugabanci, a otal ɗin Makka ne ko a sito a Jidda ko a kamfanin motocin alhazai, yakan ɗauka wahala ta ƙare. Albashi ya ƙaru, ofis da sanyi, ana ce masa mudir. Abin da ba a cika faɗa masa ba shi ne kariyar da yake da ita a da ta ragu.

Dokar ƙwadago ta ƙasar ta ƙayyade aiki awa 8 a rana ko 48 a mako, da azumi kuma awa 6 a rana ko 36 a mako ga Musulmi. Ba a sa mutum aikin fiye da awa 5 a jere sai an ba shi aƙalla rabin awa ya yi salla ya ci abinci. To amma sashe na 108 ya cire manyan shugabannin da ke riƙe da ikon mai kamfani a kan ma'aikata daga wannan ƙa'ida. Kuskure na farko ke nan: zama ana jiran wani ya ce tashi ka tafi gida. Babu mai faɗa. Kai ne za ka yanka wa kanka lokacin tashi, ka sanar da na sama da na ƙasa, ka naɗa wakili mai ikon yanke hukunci a bayanka. Wakilin da sai ya bugo maka kafin ya sauya wa baƙo ɗaki ba wakili ba ne, ɗan aike ne. Akwai kuma masu kuskure ta ɗaya ɓangaren, ƙananan mushrifai, wato masu sa ido a kan ma'aikata, da ke aikin dare kyauta don an laƙaba musu suna. Suna ba shi ne iko ba. Ka buɗe kwantiraginka a Qiwa, shafin intanet na gwamnati na harkokin ƙwadago, ka karanta. Idan ba ka cikin waɗanda doka ta cire, kowace awa ta ƙari tana da kuɗinta, da ƙarin kashi 50 cikin 100 na asalin albashi.

Sai barci. Garuruwan nan da dare suke rayuwa, kasuwa sai bayan isha, cin abinci sai goma ta wuce, ga asuba, ga dawam, wato lokacin aiki, da sassafe. Mu kuma muna da ƙarin namu: Najeriya da Nijar suna bayan Saudiyya da awa 2. Lokacin da Hajiya ta idar da isha a Kano ta zauna hira, a Jidda dare ya yi nisa, kuma wa zai ce wa mahaifiyarsa barci yake ji? Gyaran shi ne a mayar da doguwar hira safiyar Juma'a ko bayan la'asar, a bar gaisuwa a taƙaice sauran ranaku. Baligi yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye. Gahawa da shayi a tsaya da su daga magariba, a riƙe ƙailula ko ta minti 20 ce. Shugaban da bai yi barci ba shi ne mai yi wa ma'aikata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, washegari ya rasa dalilin da suke ɓoye masa matsala.

Jiki ma yakan sha kashi ba a sani ba. Daga gida zuwa mota, daga mota zuwa kujera, da rana kabsa, da dare mandi, duk shinkafa da nama, a kora da lemon kwalba. Ciwon suga da hawan jini ba sa sallama. Kamfani dole ne ya yi wa ma'aikacinsa inshorar lafiya, amma da yawa katin yana aljihu sai ranar da aka kwashe su. A auna jini da suga ko sau ɗaya a shekara, idan abu ya taso a kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 na motsa jiki a mako. Tafiyar rabin awa sau biyar ke nan, bayan asuba ko a bakin teku ga na Jidda. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a waje cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, sai ka ga mudir ya kori leburori inuwa shi kuma yana zagayen duba aiki a cikinta.

Kuskuren da ya fi cin mutanenmu, a ganina, ba a ofis yake ba. Da zarar labari ya kai gida cewa wane ya zama babba, waya ta buɗe. Kawu yana son ɗaki kusa da Harami a goman ƙarshe, ɗan maƙwabci yana son biza, alhajin ƙauyenku ya sauka yana jiran ka kai shi kasuwa sayen tsaraba, wani daga unguwar Misfala ta Makka ya turo ƙanensa a sa shi aiki. Karɓar baƙon Allah alheri ne, ba mai musu. Kunyar cewa a'a ce ke jawo a ce to ga kowa, a ƙare da bashi da saɓa alkawari, wanda aka yi dominsa ma ya tafi yana cewa an yi girman kai. Gara tun farko ka ce: “Kawu, wannan ba ya hannuna, amma ga abin da zan iya.” Ka ware abin taimako a wata, in ya ƙare ya ƙare. Ka ware yamma ɗaya ta ziyarar alhazai, su taru ka gaishe su gaba ɗaya. Ɗan uwa kuwa kada ka sa shi kai tsaye a ƙarƙashinka. Ranar da ya makara, ko ka hukunta shi gida ta ɗau zafi, ko ka ƙyale shi ma'aikata su raina ka.

Wannan ya haɗu da maganar ajiya. Tun da aka soma shirin Nitaqat a 2011 ake ta mayar da ayyuka hannun 'yan ƙasa, baƙo mai iƙama (takardar izinin zama) kuwa kujerarsa aro ce. Kuɗin sallama rabin albashin wata ne a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, sannan cikakken wata a kan kowace shekara bayan nan, kuma yana iya raguwa idan kai ka ajiye aikin. Ba zai riƙe tsufa ba. A cire ajiya ranar da albashi ya shigo, kafin a amsa saƙon kowa.

Hutun shekara kwana 21 ne, ya koma 30 bayan shekara 5 a jere a wuri ɗaya. Wasu suna ta ɗaga shi wai aiki zai tsaya, wasu su kwashe shi duka a gida wajen duba gini da sasanta rigimar gado, su dawo sun fi gajiya. A tsayar da ranar tun farkon shekara, bayan tafiyar alhazai ga masu aikin otal, a kuma keɓe wa maiɗaki da yara kwanakin da ba na dangi ba.

Masu aiki a Makka kuma su lura: akwai wanda yake shirya wa dubban mutane ɗawafi, shi wata ya wuce bai shiga Harami ba don yana ganin gobe ma yana nan. A sa masa rana a jadawali kamar yadda ake sa taron ofis, a kashe wayar aiki tun daga ƙofa, wakili ya ji da abin da ya taso.