Matakan Kula da Ƙafafun Dattijai a Lokacin Hunturu

Da farko a wanke ƙafa da ruwa mai ɗumi bayan sallar isha'i, amma a gwada zafinsa da gwiwar hannu, domin mai ciwon sukari yakan daina jin zafi a tafin ƙafa har ya ƙone bai sani ba. Sannan a goge kaushi da dutse a hankali, kada a kuskura a sa reza. A tsane ƙafar sosai, musamman tsakanin yatsu, a shafa man kaɗanya a dunduniya inda faso yake tsagewa.

Kafin a fita gona a zazzage takalmi saboda ƙaya da kunama. Idan jika ya duba ya ga raunin da ya ƙi warkewa, a kai dattijon asibiti ba tare da jinkiri ba.