Yadda Ake Ajiye Kundin Kamun Kifi Don Inganta Sakamako

Masuncin da ya daɗe yana fita ruwa yakan ɗauka cewa ya riƙe komai a ka, amma abin da ƙwaƙwalwa take adanawa da gaske shi ne ranakun da aka yi kamu mai yawa da ranar da babban kifi ya tsinke zare ya tafi. Ranakun da aka wuni ba a kama komai ba, da waɗanda aka tashi da kifi biyu ko uku, sukan shuɗe ba tare da an tuna da su ba, alhali su ne suka fi yawa, kuma su ne suke nuna wa mutum inda hasashensa yake karkacewa. Amfanin kundin kamun kifi shi ne ya ajiye kowace fita daidai da yadda ta kasance, domin idan aka zo yanke shawarar inda za a je da lokacin da za a je, a dogara da abin da ya faru a zahiri.

Kayan da ake bukata ba su da yawa. A nemi ƙaramin littafi mai bango mai ƙarfi wanda zai shiga aljihu, da fensir, domin tawadar biro takan baje idan takarda ta jiƙe, rubutun fensir kuwa yakan tsaya. A haɗa da jakar leda mai rufewa, da tef ɗin awo, da ƙaramin sikeli, da agogo, da ma'aunin zafin ruwa. Akwai manhajojin waya da aka yi musamman don wannan aiki, kuma suna da amfani wajen ɗaukar hoto da adana wuri ta GPS, wato tsarin gano wuri ta tauraron ɗan Adam, sai dai waya ba ta jin daɗin jiƙaƙƙen yatsa, kuma cajinta yana iya ƙarewa ana tsakar kamu. A ganina ya fi dacewa a yi rubutu a takarda a bakin ruwa, sannan a kwafe shi zuwa waya ko kwamfuta bayan an koma gida.

A ware wa kowace fita shafi guda, kuma a tsara shafukan iri ɗaya tun daga farko, saboda bayanan da aka rubuta yau ta wata siga gobe ta wata siga ba sa kwatantuwa. A saman shafi a sa kwanan wata da wurin da aka je. Rubuta sunan kogi ko tafki kawai bai wadatar ba, domin taku ashirin tsakanin wuri da wuri yana iya raba mai kamu da mai komawa hannu wofi. A bayyana ainihin inda aka tsaya, ko gefen ciyawar ruwa ne, ko ƙarƙashin itacen da ya faɗa cikin ruwa, ko bakin rafin da yake kwarara cikin tafki, ko wata kwana da ruwa yake rage gudu. Yana da kyau mutum ya raɗa wa kowane wuri gajeren suna ya riƙa amfani da shi kullum, ya kuma zana 'yar taswira a bayan littafin.

Abu mafi muhimmanci a shafin, wanda kuma aka fi mantawa da shi, shi ne lokacin da aka jefa ƙugiya da lokacin da aka naɗe ta. Yawan kifi shi kaɗai yana yaudara matuƙar ba a san tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a same shi ba. Idan a wuri na farko an kama kifi 8 cikin awa 8, a wuri na biyu kuma an kama kifi 6 cikin awa 3, mai duba jimla zai ce wuri na farko ya fi albarka, amma idan aka raba yawan kifi da yawan awoyi sai a ga na farko yana ba da kifi 1 a kowace awa, na biyu kuma yana ba da 2. Da irin wannan lissafi na kamu gwargwadon ƙoƙari masana kiwon kifi da kula da ruwaye suke bibiyar ƙaruwa ko raguwar kifi a tafkuna da tekuna, kuma babu abin da zai hana mai fatsa ɗaya ya yi amfani da shi. A cire lokacin tafiya da na hutu daga lissafin. Idan an saka fatsa biyu a ruwa lokaci guda na tsawon awa 3, a lissafa awa 6, mai jefa birgi kuwa sai ya ƙirga yawan jifa, mai kafa taru ko mamari ya rubuta tsawon tarun ko adadin ƙugiyoyi tare da awoyin da suka yi a ruwa.

Daga nan za a fahimci dalilin da ya sa ranar da ba a kama komai ba take bukatar cikakken shafinta. Gajiya da ɓacin rai sukan sa mutum ya tsallake ta, to amma kundin da aka cire masa sifili zai nuna cewa kowane wuri yana da kyau, kowane koto, wato abincin da ake maƙala wa ƙugiya, kuma yana aiki. A rubuta sifilin, a rubuta awoyin, a cike bayanin ruwa da na sararin sama kamar yadda za a cike a ranar sa'a.

Bayanin ruwa ya cancanci a tsaya a kansa, domin zafin jikin mafi yawan kifaye yana bin zafin ruwan da suke ciki, kuma shi yake sarrafa kuzarinsu da cin abincinsu. Karfasa, alal misali, takan rage cin abinci idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 a ma'aunin Salsiyas. Ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi: ruwan daɗi mai digiri 20 yana iya ɗaukar kusan miligiram 9 a kowace lita, idan ya kai digiri 30 sai ya sauko kusan 7.5. A ruwan da ba ya gudu mai yawan tsirrai, oksijin yakan yi ƙasa sosai gab da fitowar rana, saboda tsirran suna shaƙarsa duk dare ba tare da sun samar da sabo ba. Saboda haka a auna zafin ruwa a zurfi ɗaya kowane lokaci, a rubuta ƙarfe nawa aka auna. Hasken ruwan ko gurɓacewarsa ma ana iya ba su lamba maimakon a ce ruwa ya yi duhu kawai. Tun shekarar 1865 Angelo Secchi, masani ɗan Italiya, ya yi amfani da farin faifai da ake zurawa cikin ruwa da igiya har sai ya ɓace wa ido, sannan a auna zurfin, kuma kowane farin murfi mai ɗan nauyi da igiya mai alamar awo zai yi wannan aiki. A ƙara da ko ruwa yana hawa ne ko yana janyewa, wanda wani dutse ko turke da ba ya motsi zai iya nunawa.

Bayanin sama gajere ne: daga ina iska take busowa da ƙarfinta, akwai gajimare ko babu, an yi ruwan sama a kwanakin da suka gabata ko ba a yi ba. Mai kamu a teku ko bakin kogi dole ne ya rubuta halin tumbatsa da janyewar ruwa, waɗanda suke jinkirta da kusan minti 50 kowace rana, kuma suke fin ƙarfi a lokacin sabon wata da cikarsa. A ruwan daɗi kuwa, masunta suna da maganganu masu yawa a kan tasirin wata da nauyin iska, kuma maganganun sukan ci karo da juna. Rubuta kwanan watan sama ba ya ɗaukar lokaci, don haka a rubuta shi, a bar kundin ya yi hukunci bayan wata ya yi zagayensa na kwana 29 da rabi sau da yawa.

Game da kifin da aka kama, a rubuta nau'insa, da lokacin da ya ci koto, da zurfin da ƙugiya take, da tsawonsa daga baki zuwa ƙarshen wutsiya, da nauyinsa idan an samu dama. A auna da tef, domin ido yakan ƙara wa kifi tsawo. A bayyana koton dalla-dalla, tana ce ko ƙaramin kifi ko na roba, da launinsa, da kaurin zare, da lambar ƙugiya. A lura cewa lambar ƙugiya tana tafiya ne a juye, mai lamba 10 ta fi mai lamba 4 ƙanƙanta, amma daga 1/0 zuwa sama girma yana ƙaruwa da lambar, kuma awon kamfanoni ya ɗan bambanta, don haka a haɗa da sunan kamfanin. Kifin da ya taɓa koto bai kamu ba, da wanda ya kuɓuce ana jansa, su ma a ƙirga su daban, saboda yawansu yana nuna cewa kifi yana nan, matsalar tana ga ƙugiya ko ɗauri ko saurin fizga. Idan an feɗe kifi a duba abin da ke cikinsa a rubuta, domin shi ne sahihin bayani a kan abin da kifayen wurin suke ci a wannan lokaci. Wanda za a mayar ruwa kuwa a riƙe shi da jiƙaƙƙen hannu, a auna shi da hanzari, a sake shi kafin a ɗauki fensir.

Karatun kundin yana zuwa ne a ƙarshen wata ko ƙarshen wani yanayi na shekara, kuma ya fi amfani idan aka tunkare shi da tambaya guda, kamar a ce tsakanin asuba da yamma wanne ya fi ba da tarwaɗa a wuri kaza. Sai a tattara shafukan da suka shafi tambayar, a haɗa kifin, a haɗa awoyin, a raba. Fita biyu ko uku ba su isa hujja ba, domin rana guda ta sa'a tana iya rinjayar lissafin gaba ɗaya. Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa: wanda ya yi imani cewa asuba ce kaɗai lokacin kamu zai riƙa fita da asuba kawai, kundinsa kuma ya cika da kifin asuba, sai ya ɗauka an tabbatar masa da ra'ayinsa alhali bai taɓa gwada yamma ba. Maganin wannan shi ne a ware wasu fitowa don gwaji da gangan, a sauya abu ɗaya tak a bar sauran yadda suke. Idan koto ake gwadawa, a saka fatsa biyu iri ɗaya kusa da juna a zurfi ɗaya, kowace da nata koton, a musanya musu wuri bayan kowace awa.

A daren da za a fita washegari, a buɗe shafukan da suka yi daidai da wannan lokaci a bara, ko waɗanda zafin ruwa da hawansa suka yi kama da na yanzu, a zaɓi wuri da koto daga cikinsu, a rubuta a saman sabon shafi abin da ake son gwadawa. A riƙa ɗaukar hoton shafukan da aka cike lokaci-lokaci ana ajiyewa a wani wuri daban, tunda littafin da yake yawo a kan ruwa yana iya faɗawa ciki.