Idan ka harbi ɓauna ba ta faɗi ba

Ɓauna mai lafiya ba kasafai take neman mutum ba. Da ta shaƙi warinka sai ta kwashi garke ta yi gaba. Wadda ka raunata ita ce mai kisa, don haka tsaron ranka yana farawa tun kafin ka taɓa kunamar bindiga.

Ni a yankunan farauta na arewacin Kamaru na yi bin sawu, wajen Binuwai da Faro, inda ake shiga da lasisi lokacin rani. A Yankari kuwa an haramta farauta, kada ma ka soma.

Ka ƙulle toka a ɗan tsumma ka riƙa kaɗawa, ka ga inda iska ke kai ta. Ka bi ta yadda iskar za ta riƙa bugun fuskarka. Carki ma ɗan tsegumi ne: idan ya tashi daga bayan dabba yana kuka, ya riga ya tona ka.

Kada ka tunkare ta da bindigar toka. Harbi ɗaya gare ka, kafin ka sake ɗuri ta iso. Ƙasashe da dama ba sa yarda da harsashin da kaurinsa ya gaza inci .375 a kan ɓauna, kuma suna da gaskiya. Jira ta ba ka gefe, ka sa harsashi a kafaɗa, ƙasa-ƙasa, daidai zuciya da huhu. Goshin namijin ɓauna kuwa ƙaho ya rufe shi, ɓarnar harsashi ce.

To, ka harba ta shige cikin gamba. Zauna. Ka ba ta rabin awa ko fiye, ko da abokan tafiya suna cewa nama zai tsere. Sannan ka duba jinin. Ja mai haske da kumfa na huhu ne, ba za ta yi nisa ba. Mai duhu, gauraye da ɗanyar ciyawa, na tumbi ne, kuma wannan ɓaunar tana da sauran ƙarfinta duka. Takan kewayo ta laɓe a gefen sawunta, tana kallon hanyar da ta biyo. Mai bin sawu idonsa na ƙasa, saboda haka kai naka ya kasance a gaba da gefe. Kada ku jeru bindiga na kallon bayan wani. A irin wannan ruɗani harsashin abokinka ma abin tsoro ne. Rana ta yi ƙasa? Ku koma sansani, a dawo da sassafe.

Masu layu, ban hana ku ba, amma ku cika bindiga tukuna.

Ko ka same ta kwance, ka zagayo ta baya, ka ƙara mata ɗaya a tushen wuya, sannan ka taɓa idonta da doguwar sanda. In ta ƙifta, ja da baya ka sake harbi.