Yadda Ake Kaifafa Hoton RAW Ba Tare da An Lalata Shi Ba

Hoton RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ke ajiyewa ba tare da ta gyara shi ba, yakan fito da ɗan laushi ko da kyamarar mai tsada ce. Yawancin kyamarori suna aiki da tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya ƙirƙiro, aka yi masa rajista a 1976: rabin fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke ɗaukar haske, kore kawai suke gani, kwata ja, kwata shuɗi. Manhaja ce ke cike sauran launukan da ƙiyasi, kuma a wajen ƙiyasin nan gefuna ke dusashewa. Shi ya sa Lightroom, manhajar gyaran hoto ta kamfanin Adobe, ke sa ma'aunin kaifi a kan 40 da kansa da zarar ka buɗe fayil ɗin.

Abin da ke rikita mutane shi ne, kayan fito da ƙananan zane da kayan kaifafawa duk suna ƙara bambancin haske da duhu, kuma aikinsu hawa kan juna yake yi. Kowanne shi kaɗai ka ga kamar bai yi yawa ba, amma in sun haɗu sai fata ta koma kamar tsakuwa, farin layi ya kewaye rassan itace.

Da farko, zuƙo hoton zuwa kashi 100, don a ƙasa da haka ido ba ya ganin ɓarnar.

Sai ka fara da Raw Details na cikin Lightroom, wanda Adobe ya fitar a 2019 da sunan Enhance Details. Wannan ba kaifafawa ba ce, sake ƙiyasin launukan yake yi tun daga tushe, don haka shi ya kamata ya riga komai. In hoton na da yashi, wato ɗige-ɗigen da ke fitowa saboda ISO (ma'aunin ƙara hasken hoto a kyamara) mai yawa, yi amfani da Denoise na 2023 mai cire yashi, wanda ke haɗawa da Raw Details a ciki. Yashin da ka bari, kaifafawa za ta ɗauke shi a matsayin zane ta ƙarfafa shi.

Na uku, Texture da Clarity, wato kayan fito da zane. Texture na taɓa matsakaitan zane kamar gashi da saƙar tufafi, Clarity kuma ya fi faɗi da nauyin hannu. Ni dai a hoton fuska da wuya in taɓa Clarity.

Yanzu ka koma kan kaifin, ka sake duba 40 ɗin nan, domin sau da yawa ya riga ya yi yawa. Radius, wato faɗin gefen da kaifin ke taɓawa, yana farawa a 1.0: rage shi ga ciyayi da gine-gine masu ƙananan zane, ɗan ƙara shi ga fuska. Detail, mai ƙarfafa ƙananan zane, yana kan 25, kuma shi ne mai tayar da yashi. Masu kyamarar Fujifilm mai sensar X-Trans sun san shi sarai, don in an ja shi sama ganyaye kan koma kamar tsutsotsi. Daga nan danne maɓallin Alt ka ja Masking, wanda ke taƙaita inda kaifin zai taɓa. Allon zai koma baƙi da fari, inda ya yi fari ne kaɗai kaifin zai taɓa. Ci gaba da ja har sararin sama da kumatu su yi baƙi.

Kaifin ƙarshe sai wajen fitar da hoto, bayan ka zaɓi girmansa. Na allo kaɗan ya isa, na takarda kuwa yana buƙatar ƙari, musamman marar sheƙi, saboda tawada na ɗan bazuwa a kanta.