Kurakuran da aka fi yi kan mai zane Mary Cassatt

Kusan duk mai fara karanta tarihin masu zanen Impressionist, wato ƙungiyar masu zane da ta taso a Faransa a ƙarni na 19, a wuri ɗaya yake tuntuɓe: ya ɗauki Mary Cassatt Bafaranshiya. An haife ta a 1844 a Allegheny, garin da yanzu ya shige cikin Pittsburgh a jihar Pennsylvania. Ta je Paris karatu a 1866, ta tare can dindindin a 1874, ta rasu a Faransa a 1926. In za ka rubuta, ce Ba'amurkiya mazauniyar Faransa.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne kiranta ɗalibar mai zane Edgar Degas. Lokacin da Degas ya gayyace ta cikin ƙungiyarsu ta Impressionist a 1877, ai ta riga ta ƙware, domin tun 1868 babban baje kolin Salon na Paris ya karɓi aikinta. Malaminta Jean-Léon Gérôme ne, shi ma a keɓe ya koyar da ita, saboda makarantar École des Beaux-Arts ba ta ɗaukar mata a lokacin. Degas abokin sana'a ne, sun ƙaru da juna. Ta baje aikinta tare da su sau huɗu: 1879, 1880, 1881 da 1886.

Sai batun zane-zanenta na uwa da ɗa. Mutum ya ga zanen mace tana yi wa yarinya wanka, sai ya ce 'yar Cassatt ce. Ba ta taɓa aure ba, ba ta haihu ba. Wasu daga cikin waɗanda ta zana danginta ne, wasu kuwa biyansu take su zauna ta zana. Kuma taƙaita ta a kan wannan jigo tauye mata haƙƙi ne. Nemi zanenta na 1878 da ke gidan tarihi na Boston: mace cikin baƙaƙen kaya a gidan wasa tana kallo da madubin hangen nesa, can gefe wani namiji ya kafa mata nasa. Ka kuma duba hotuna goma masu launi da ta buga a 1891, bayan ta ga baje kolin zanen Japan a Paris a 1890. A ganina nan gwanintarta ta fi fitowa.

Kar kuma ka ce ta yi ta zane har mutuwa. Yanar ido ta raba ta da aiki wajen 1914, shekara goma sha biyu kafin rasuwarta.