Shawara ga masu son buɗe wa yara wurin koyon fasaha a unguwa

Assalamu alaikum jama'a. Mu nan Tudun Wada zauren wani dattijo muka samu kyauta, duk Asabar da Lahadi bayan la'asar yara suna taruwa, kuma abin da na lura shi ne in babba ya tsaya yana ba da umarni kamar a aji to wallahi sati biyu sun gudu. Ku bar su su zaɓi abin da za su yi, wani motar gwangwani zai ƙera da murfin kwalba da tsohon silifas, wata ɗinkin 'yar tsana, manyan kuma su koya wa ƙananan, kai dai naka ido saboda almakashi da reza, kar ka ce za ka gyara masa motar ko da ta karkace.

Kaya ba sai an kashe kuɗi sosai ba. Kwali a wajen masu shago, ƙyallaye a wajen teloli, gam da kala kawai muke sayowa a Kasuwar Barci.

Amma fa ku fara sanar da mai unguwa da iyaye tukuna, kuma a tashi kafin magariba. Lokacin damina a samu leda a rufe kwalayen, mu ruwan Agusta ya cinye mana rabi.